Kwabon Cibiya

Da rana tsaka, a gaban matan gidan haya da ke wanki a bakin famfo, Ayuba ya fito da jakar uwarsa ya dire ta a ƙasa. Uwar da ta haife shi fa, Miriam, wadda ta kulle ɗakinta a Kakuri ta tare a Sabon Tasha don kawai ta yi wa matarsa wankan jego. Ko kallon idonta bai iya yi ba. Kansa a sunkuye ya ce, "Mama, ki ɗan koma gida tukuna, sai mun gama addu'a a kan maganar nan."

Wace magana kuma? Maganar kwabo. Kwabo ɗaya tilo.

Ga yadda abin ya faro. Jaririn, Benjamin, cibiyarsa ta warke sarai amma ta turo waje, in ya tsala kuka sai ta kumbura kamar 'yar gauta. Miriam ta yi abin da ta taso ta ga ana yi a gidansu. Ta ciro kwabon cibiya daga ƙasan jakarta, ta tafasa shi, ta naɗe shi a tsumma mai tsabta, ta ɗora a kan cibiyar ta ɗaure da ƙyalle. Sunansa dai kwabo a gidan, amma azurfa ne, mai kauri da nauyi, gefensa a karkace, da rubutu irin na Larabci gaba da baya, da ɗan huji a baki inda ake zura zare. Mahaifinta, Baba Timothy, shi ya dawo da shi daga yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. An ɗaura wa Miriam, an ɗaura wa ƙannenta, ita ma ta ɗaura wa nata 'ya'yan. Shi kansa gogan da ya fito da jakar, kwabon nan ya yi makonni a kan cikinsa yana tsotsar yatsa.

Sai yaro ya yi zazzaɓi aka tafi asibiti. Nas ta kwance ƙyallen, ta ga kwabo, ta hau faɗa: ba a ɗaura wa jariri komai, cibiya da kanta take komawa. Miriam ta ce to, ta ji, ba za ta ƙara ba. Likita ya duba ya ce zazzaɓin sauro ne, ya rubuta magani. Da a nan aka tsaya, da babu labarin da zan ba ku.

Amma ina! Mama Charity ta zo dubiya. Ita ce shugabar matan addu'a a cocin su Vicky, matar Ayuba, irin mutanen nan da ko kaza ce ta yi tari sai sun ce da hannun wani a ciki. Ta ƙi taɓa kwabon da hannu, sai da ta shimfiɗa hankici ta ɗauka. Ta juya shi, ta zare ido, ta ce wannan rubutun tsafi ne. Sannan ta nuna wasu 'yan ramuka ƙanana da ke jikin azurfar, ta ce kowane rami rai ɗaya ne da aka bayar. Ta dubi Miriam a gaban jama'ar ɗakin marasa lafiya ta ce, "Ina mijinki? Ina 'yarki Mary da ta tafi wajen haihuwa? Yanzu kuma kan jika kika dawo?"

Kai jama'a! Mary, wadda har gobe Miriam ba ta iya jure jin sunanta. Ta juya ta dubi ɗanta, tana jira ya daka wa matar nan tsawa. Ayuba ya tsaya yana kallon silin kamar an aiko shi ƙirga ƙwayayen lantarki. Vicky kuwa, yarinya ce, haihuwar fari, tsoro ya riga ya gama da ita, ta ƙanƙame ɗanta ta juya wa surukarta baya.

Hukuncin da aka yanke shi ne, ranar Asabar Miriam ta zo gaban matan addu'a ta durƙusa ta furta abin da ta yi, a jefa kwabon a kogi. In ta ƙi, ranar Lahadi da za a miƙa Benjamin a coci ba ita za ta ɗauke shi ba, kuma kada ta ƙara taka gidan. A wajensu kuwa kaka ce ke shiga da jariri, tana rawa, mata na guɗa a bayanta har gaban bagade, inda fasto ke tsayawa. Miriam ta riga ta ɗinka atamfarta, ta biya tela, har ɗankwalin ta gwada a madubi. Ta fizge kwabonta daga cikin hankicin, ta ce ba ta durƙusa wa kowa a kan abin da ba ta yi ba.

To, jakar da aka dire a bakin famfo ke nan.

A cikin keke daga Sabon Tasha zuwa Kakuri ba ta yi kuka ba. Ranta ya ɓaci fiye da kuka. Mai keke ya faɗa rami ta wanke shi tas, wata fasinja ta ɗan matse ta, ita ma ta samu rabonta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, da Mama Charity ta ce mene ne aka rubuta a jiki, ba ta da amsa. Shekara da shekaru kwabon na hannunta, ba ta taɓa tambaya ba. Wa ke tambayar abin da aka rubuta a jikin ludayin gidansu?

Washegari da hantsi ta ɗaura zane ta nufi rumfar Malam Zakariyya'u a bayan kasuwa. Tare suka yi aiki a masaƙa, shi a ɓangaren rini, ita a wajen zare, mijinta kuma abokin shan shayinsa ne. Da masaƙar ta rufe, sai ya koma sana'ar ubansa, ƙirar azurfa, zobba da warwaro da 'yan kunne. Ta same shi yana hura wuta da ɗan bututu.

"A'a, Maman Ayuba! Yau ke ce a gari? Ina jego?"

"Malam, bar gaisuwa. Karanta mini wannan."

Ta dangwara kwabon a kan tabarmarsa. Ya dubi fuskarta, ya ga ba ranar wasa ba ce, sai ya ajiye bututun ya goge hannu. Ya sa tabarau, ya kai kwabon bakin rumfa inda haske yake, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya sake shi a kan maƙera, ya yi wata ƙara siririya mai daɗewa. Ya goga gefensa a baƙin dutse ya duba zanen da ya bari. Sannan ya ɗora shi a kan ɗan ma'auninsa.

"Azurfa ce mai kyau, babu algus," in ji shi. "A ina kika samo?"

"Na babana ne. Daga Bama."

"Haba, shi ya sa. Tsofaffin sojoji sun sha kawo wa mahaifina irinsa ya narka musu zobe. Kuɗin Indiya ne, na zamanin da, tun kafin Turawa su kawo injin buga kuɗi. Kin ga yadda gefensa ya ƙi daidaita? Da hannu aka yi shi. A yanko azurfa, a ɗora a kan hatimi, a ɗora wani hatimin a sama, a maka masa guduma. Shi ya sa rubutun ya zarce baki, rabin wata kalmar ma ba ta samu wuri ba."

"Ni ba tarihin guduma na zo ji ba, Malam. Me aka rubuta? Tsafi ne? Aya ce? Ka gaya mini gaskiya, kada ka rufa mini."

Ya ɗago kai. "Tsafi kuma? Wa ya ce tsafi ne?"

Nan fa bakinta ya buɗe. Ta zayyana masa komai, tun daga cibiya har bakin famfo, har mai gyaran rediyo na rumfar gefe ya rage ƙara yana saurare. Malam Zakariyya'u ya yi salati, ya girgiza kai, ya ce Ayuban da ya sani yana zuwa ƙofar masaƙa da kwanon abincin ubansa?

"Shi fa."

Ya koma kan kwabon, yana bin rubutun da bakin allura. "Haruffan irin namu ne, amma yaren ba Larabci zalla ba ne, nasu ne na can. Abin da na iya fitarwa, wannan gefen sunan sarki ne da kirarinsa. Wannan gefen kuma sunan garin da aka buga shi, da shekarar sarautarsa. Ga lissafin hijira nan, lamba ɗaya ta goge, amma ko yaya aka yi ya haura shekara ɗari uku. Babu aya, babu addu'a, babu sunan aljani. Kamar yadda za ki ga sunan babban banki a jikin naira, haka yake."

"To ramukan fa? Ta ce rayuka ne."

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya ga idonta ya haɗiye abarsa. "'Yan canji ne. In aka kawo musu kuɗi, sai su sa tsinken ƙarfe su ɗan huda, su ga ko cikinsa azurfa ne ko tagulla aka lulluɓe. Kowane rami, hannun ɗan canji ɗaya ne da bai yarda da mutane ba. Ni ma da ban san ki ba, da na ƙara masa nawa."

Miriam ta zauna a kan benci. Sunan sarki da sunan gari. A kan wannan aka kira ta mai cin 'ya'yanta a gaban baƙi. Ta ji wani sabon fushi ya taso mata, wanda ya fi na jiya zafi, don jiya akwai ɗan tsoro a ƙasan ranta, ko Baba ya ɗauko abin da bai sani ba. Yau babu tsoron, saura fushin tsantsa.

"In sayarwa za ki yi," Malam ya fara.

"Ban ce ba."

"Ki dai sani, don kada wani ya ruɗe ki. Akwai masu tara irin waɗannan a ƙasashen waje, wani in ya yi wuyar samu suna zuba masa kuɗi. Amma wannan irinsa da yawa, sarkin ya daɗe yana bugawa. Ga huji an yi masa da ƙusa, ga shi kun tafasa shi kun dirje shi da toka har fuskarsa ta lashe. Masu tarawa ba sa son haka. Abin da ya rage nauyin azurfarsa ne, shi kuwa ko rabin buhun shinkafa ba zai saya miki ba."

"Ko ƙwayar shinkafa kada ya saya. Za ka maimaita wa Ayuba abin da ka gaya mini?"

"Ki kira shi ko yanzu."

Ba ta kira ba. So take ta ga idonsa. Ta ƙulle kwabon a bakin zane, ta yi wa Malam godiya a tsaitsaye, ta tari mota.

Da la'asar ta isa gidan hayar. Matan bakin famfo suka bi ta da kallo, wata har ta jawo ɗanta jikinta. Miriam ta gani, ta wuce su ba gaisuwa. Ta tura labulen falo ba sallama. Ayuba na zaune da singileti yana cin dafaffiyar masara, ya miƙe zumbur.

"Mama, ai mun ce sai Asabar..."

"Zauna. Ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba. Zauna ka ji."

Ya zauna. Ta kwance bakin zane ta ajiye kwabon a kan tebur, ta fara yi masa bayani dalla-dalla kamar yadda ta ji. Sunan sarki. Sunan gari. 'Yan canji da tsinkensu. Ga lambar Malam Zakariyya'u, abokin ubansa, ya kira ya ji da kunnensa. Ayuba na jin ta da rabin kunne, yana satar kallon ƙofar ɗaki inda Vicky ta laɓe, har ta zo kan cewa kuɗin Indiya ne na hannu, ya haura shekara ɗari uku.

"Shekara nawa?"

"Ɗari uku, har da ɗori. Ka ga ke nan tun kafin a haifi kakan kakan Charity..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya jawo waya, ya sa hannu ya ɗauki kwabon. Da hannunsa fa, ba hankici! Abin da jiya ya ƙi yarda ya kwana a gidansa. Ya ɗauki hotonsa, ya shiga lalube a intanet, yatsansa na gudu. Can sai ta ga bakinsa ya buɗe. Ya ƙirga wani abu da leɓe, ya sake ƙirgawa.

"Vicky! Vicky, zo ki gani! Dala ce fa wannan, ba naira ba!"

Vicky ta fito da yaron a kafaɗa, ta leƙa wayar. Wani kwabo ne a hoton, mai kama da nasu, sumul ba huji, da dogon farashi a ƙasansa. Suka dubi juna. Wallahi a gaban idon Miriam fuskokin nan biyu suka sake kamar an zuba wa garin rogo ruwa.

"Mama, kina tsaye? Zauna mana! Vicky, kawo wa Mama ruwa mai sanyi. A'a, ba ta Benji tukuna, ai ya yi kewar kakarsa."

Aka ɗora mata yaron a hannu. Ɗumin jikinsa ya ratsa ta, zazzaɓin ya sauka, yana barci da ɗan bakinsa a buɗe, yana ƙanshin hoda da nono. Ta sunkuya ta sa hancinta a wuyansa. Abin da ta zo nema ke nan, ga shi an ba ta. Ta san kuma sarai abin da ya sa aka ba ta. Ba maganarta aka yarda da ita ba, ba ta Malam ba, ko kiransa ba a yi ba. Da za ta ja bakinta ta yi shiru, ranar Lahadi ita ce da atamfarta a gaba, mata na guɗa. Wa zai sani kafin nan? Ta yi wannan tunanin, ba za a ce ba ta yi ba, har ta ɗan jijjiga yaron tana yi.

"Dama ni ban taɓa yarda da maganar nan ba," in ji Ayuba, idonsa a kan waya. "Kayan gado ne ai. Bari in adana shi a durowa, kada ya ɓace."

Wannan ce ta ƙarasa ta.

"Ayuba."

"Na'am, Mama."

"Tashi ka fita tsakar gida, inda ka ajiye jakata. Ka tara matan nan ka gaya musu uwarka ba mayya ba ce. Ka ce ba ita ta kashe ubanka ba, ba ita ta kashe Mary ba. Gobe kuma ka je ka faɗa wa Charity a gaban matanta."

Ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Mama, ai ya wuce. Mene ne na tone-tone? Mama Charity babba ce a coci, ba a fito-na-fito da ita. A hankali mutane za su manta."

"Za su manta? Yanzu da na shigo wata ta janye ɗanta daga hanyata!"

"Mama, ki rage murya, yaro na barci."

"Ba zan rage ba! Jiya tsafi ne, yau gado ne? Me ya canja a jikinsa tsakanin jiya da yau? Ramukan sun toshe ne? Ubanka ya tashi daga kabari? Ni na ɗauke ka wata tara, na tsaya a gaban inji da cikinka har ƙafata ta kumbura, na ce maka ban yi ba, ka ƙi ji. Waya ta nuna maka lamba, ka ji nan take!"

"Ba haka ba ne, Mama..."

"To bari in ƙarasa maka abin da ka katse ni ban faɗa ba. Wancan na hoton ba naka ba ne. Naka an huda shi da ƙusa, an tafasa shi, an dirje shi a kan cibiyarka da ta 'yan'uwanka har ya lashe. Malam ya auna shi. Ko rabin buhun shinkafa ba zai saya ba. Ka kira shi ka tambaya."

Ayuba ya dubi kwabon, ya dubi hoton, ya kai yatsa kan hujin. A hankali ya mayar da shi kan tebur, ya goge hannunsa a jikin wando. Ta ga gogewar nan da idonta.

Vicky ta ajiye kofin ruwan da ta kawo. Ta matso, ba ta dubi surukarta ba, ta ce, "Mama, kawo shi in ba shi nono."

"Barci yake."

"Lokacinsa ya yi."

Ta zura hannu ta ɗauke shi. Miriam ba ta riƙe ba, ba a ja-in-ja da jariri. Yaron ya ɗan motsa, ya ci gaba da barcinsa a kafaɗar uwarsa, aka shige da shi ɗaki aka saki labule.

"Mama," in ji Ayuba, murya ƙasa-ƙasa, "ni a ganina, don a zauna lafiya, ki daure ki je ranar Asabar ɗin. Durƙuso ne kawai na minti kaɗan."

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa. Ta ɗauki kwabonta ta ƙulle a bakin zane, ƙulli biyu, ta fita. Ba ta sha ruwan ba.

Asabar ta zo ta wuce tana ɗakinta a Kakuri. Ranar Lahadi Mama Charity ce ta shiga da Benjamin coci, tana rawa, mata na guɗa. Wata maƙwabciya da ta je ita ta kawo labari, har da cewa yaron bai yi kuka ba ko kaɗan.

Da yamma wayar Miriam ta yi ƙara. Ta ga sunan Ayuba, ta goge hannu a zane da sauri ta ɗauka. Daga can tana jin hayaniyar baƙi da kiɗa, da wani ɗan kuka siriri da ta gane nan take.

"Mama, kina ji na? Kwabon nan, kada ki ba kowa tukuna. Akwai wani a Legas da ya ce ko da huji yana so ya gani. Ki samu wani ya ɗaukar miki hotonsa, gaba da baya, ki turo mini yau."